Watan da Littafin Abokina Ya Ruɗa Ni

Akwai wata guda a rayuwata da ba zan manta da shi ba, ko da yake yanzu na soma manta sunayen garuruwan da na ratsa. A yau idan ayari ya sauka a Dakoro, da wuya a rasa mai takarda a cikin fatake, har ma na ga littafin da ba hannu ya rubuta ba, wani mahajjaci ya zo da shi daga Masar. A wancan zamani ba haka ba ne. Dakoro rijiya ce da ƴan bukkoki da shingayen ƙaya, inda manoma da makiyaya ke haɗuwa da rani. Takarda sai ta keto hamada a bayan raƙumi kafin ta iso mu. Wanda ya ji labarin littafi a wani gari, shi zai bi littafin, ya zauna a gidan mai shi har ya karance.

Littafinmu ba a ɗinke shi. Fallaye ne ake jerawa ɗaya bisa ɗaya, a sa su tsakanin bangon fata biyu, a ɗaure da tsirkiya, a zura a gafaka. Don kada su rikice, marubutan Kano da na Borno sukan rubuta kalmar farko ta falle mai zuwa a ƙasan wanda ya gabata, kamar yadda ake ɗaura igiyar raƙumi a sirdin na gabansa. Abokina da zan ba da labarin littafinsa bai taɓa yin haka ba. Yakan ce littafinsa ne, ya san hanyarsa kamar hanyar rijiya. Yana da wata ɗabi'a kuma: ba ya son magana ta tsallaka daga falle zuwa falle, sai ya matse rubutu ya ƙare zancen a ƙasan takardar.

Tare muka yi ƙuruciyarmu a hanya da shi. Bafillace ne ta wajen uba, Bahaushe ta wajen uwa. A Agadas wani Balarabe ɗan kasuwa ya ara masa wani littafi na tambayoyi da amsoshi a kan shari'a, ya zauna damina guda yana kwafarsa, ni kuwa ina ta kai da kawowa da fatu. Balaraben ya koma arewa da nasa, ban sake jin wanda ke da irinsa ba, ko a Katsina. Duk haɗuwar da muka yi bayan haka sai abokina ya ce, "Ranar da ƙafarka ta gaji ka zo ka karanta shi." Ni kuma in ce ina nan tafe.

Da ƙafar ta gaji, na shirya wa tsufana tsari mai kyau. Zan soma da littafin abokina, in ba shi wata guda. Daga nan in gangara Maraɗi wajen wani malami mai littafin taurari, sannan Katsina. Bayan karatu kuma ina da niyyar rubutu. Na sayi damin takarda mai alamar jinjirin wata uku, na adana shi shekaru, ban taɓa falle ɗaya ba. Zan rubuta hanyoyi da rijiyoyin da na sani daga Kano har Gat, can cikin hamada. Zan rubuta wa fatake kalmomin ciniki da Hausa da Buzanci da Fillanci da Barbarci, don na ga yadda ake cutar wanda bai ji harshe ba. Har na san yadda zan buɗe kowanne.

Na iso Dakoro a tsakiyar bazara, na tarar abokina ya rasu tun da kaka. Ya bar ƴaƴa uku. Babban namiji ne, manomi, gonarsa na wajen Kornaka. Mai bi masa mace ce, tana aure nan bakin rijiya. Autan kuwa makiyayi ne, bai san komai ba sai dabbobinsa. Rani ne ya tara su wuri ɗaya, ruwan farko kuma zai raba su: babban ya koma gona, auta ya yi arewa da garke.

Bayan na yi musu ta'aziyya na huta, na tambayi babban ɗan game da littafin da mahaifinsu ya kwafo a Agadas. Ya shiga ɗaki ya fito da gafaka, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Shi ne wannan?" na ce.

"Shi ne, Baffa. Wanga nawa ne. Ka riƙe shi har ruwa ya sauka, amma ranar da zan tashi da shi zan tashi."

Na auna shi a hannu na ji bai kai nauyin da na sani ba. Sai na ce a raina, abin da mutum ya gani da ƙuruciya kullum ya fi girma a tunaninsa. Na buɗe na ga farkonsa daidai, da bismilla da salati. Na juya ƙarshe na ga addu'ar rufewa da hannun abokina. Hankalina ya kwanta.

Aka ba ni rumfa kusa da shingen gidan ɗiyar, ita ke aiko mini da fura, wani lokaci ta kawo da kanta. Da safe na shimfiɗa buzu na fara. Fallen farko da na biyu suka tafi sumul, Larabci mai sauƙi, rubutu mai kyau, har ina jin muryar abokina a ciki. A na uku na ɗan yi tuntuɓe, na ga an shiga wata magana ba sallama. Ban damu ba. Malaman Larabawa na yamma haka suke, suna taƙaita zance su bar mai karatu ya cike.

Abin da ya fara tsayar da ni shi ne tambayar jaki. An tambayi malamin da ke ba da amsoshin game da mutumin da ya ari jaki zai je kasuwa, sai ya zarce da shi wani gari mai nisa ba da sanin mai shi ba, jakin ya mutu a hanya. Mene ne hukuncinsa? Tambayar ta ƙare a ƙasan falle. Na juya, na ga amsa a saman na gaba: babu komai a kansa, sai dai an so ya kuskure bakinsa.

Na ajiye takardar na dubi sama. Na zauna da alƙalai a Kano, na ji shari'a a Kukawa, na ga yadda Buzaye ke raba rigimar raƙumi a Abzin. Ban taɓa jin inda aka kashe jakin mutum aka biya shi da kuskure baki ba. Na sake karantawa a hankali, harafi bayan harafi. Haka yake.

Ban yi nisa ba na ci karo da ta rijiya. Ɓera ya faɗa rijiya ya mutu, yaya za a yi da ruwan? Na juya falle. Amsa: a jira har ta haihu.

Yini guda na yi a kan wannan. Wace ce za ta haihu? Rijiyar? Na taɓa zama da wasu mutanen ɗariƙa a Borno waɗanda komai a wurinsu yana da ciki da waje, rijiya zuciya ce, guga kuma ambaton Allah. Sai na soma tunanin ko littafin irin nasu ne. Na koma kan jaki da wannan ido, har na samo masa fassara: wanda ya ari jakin ai da bakinsa ya yi wa mai shi ƙarya, to bakin ne ke buƙatar wanki. Na ji daɗin wannan fassara ƙwarai, na yi barcin rana da ita. Da na farka na ga ba ta biya mai jaki ba.

Ba wai ban zargi takardar ba. Na duba ko gara ta ci wani wuri, ban ga alama ba. Na duba ko fallaye sun manne, babu. Na kira babban na tambaye shi ko wani ya taɓa littafin.

"Ba wanda ya kwance shi tun ranar rabon gado, Baffa. Ni Alƙur'ani kaɗai na iya bi, wanga ya fi ƙarfina. Da wani abu ne?"

"Babu komai," na ce. Me zan gaya masa? In ce mahaifinsa ya ɓata damina guda yana kwafar shirme?

Abin da ya fi ruɗa ni shi ne ba kullum littafin ke haka ba. Sai ya yi magana mai ma'ana, mai zurfi, har in ce to, ga shi ya dawo hayyacinsa, sannan ya sake kaucewa. Kamar tsohon da ke hira da kai lafiya lau, can sai ya kira ka da sunan wanda ya mutu. Daga nan tunanina ya juya kaina. Ko ni ne tsohon? Na san wani malami a Damagaram da ya wayi gari yana ganin haruffa amma ba sa haɗuwa su zama magana. Na shiga gwada kaina. In ƙirga da Buzanci, in gaida kaina da Barbarci, in jero rijiyoyin hanyar Gat daga farko har ƙarshe. Duk suna nan. To me ya sa littafi ɗaya ya gagare ni? Na ɗora wa zafin bazara, na koma karatu da sanyin safiya kaɗai. Na ɗora wa fura, na rage sha. Ɗiyar ta ga ƙwaryarta na komawa da saura, ta ce, "Baffa, ko hannuna ne bai yi maka ba?" Na ce hannunta lafiya, kaina ne.

Haka watan ya tafi. Na kai ƙarshen littafin na dawo farko, na sake kaiwa. Iska ta juya, ta soma zuwa da ɗanshi. Da la'asar hadari kan taru a gabas ya watse. Auta ya fara gyaran salkuna da igiyoyi, babban kuma yana zazzage irin gero. Ni kuwa ina zaune da littafin da na yi shekaru ina alkawarin karantawa, kwanakin aronsa na ƙarewa, ban iya cewa na gane shi ba.

Wata rana da hantsi ɗiyar ta kawo fura, ta tarar na baza ƴan fallaye a kan buzu ina gwada su. Kafin ta ajiye ƙwarya sai ga ƴar guguwa ta ratso tsakar gida, ta ɗauki falle ɗaya ta yi sama da shi. Na tashi da gudun da ban san ina da shi ba. Muka same shi a maƙale a shingen ƙaya, gefensa ya yage. Na tsaya riƙe da shi ina duban inda ya yage.

"Kada ka damu, Baffa," ta ce. "In ya lalace sai in ba ka ɗaya cikin nawa ka cike wa Yaya, ba sai ya sani ba."

"Cikin naki me?"

"Cikin nawa rabon. Bai kai nasu yawa ba, amma falle ɗaya ba zai gagara ba."

Na nemi wuri na zauna a ƙasa. Na ce ta gaya mini yadda aka yi rabon, kada ta bar komai.

Ta ce kawunsu ne ya raba musu, tsohon makiyayi, mai tsoron Allah. Shanu da tumaki ba su ba shi wuya ba: namiji biyu, namiji biyu, mace ɗaya, haka ya bi garken har ya ƙare. Alƙur'ani aka bar shi a masallaci. Da aka zo kan littafin sai aka rasa mai haƙura, don kowa na so, ba don karatu ba, don hannun mahaifinsu ne. Kawu ya ce ba zai bar albarkar ta tafi gida ɗaya ba. Ya yi alwala, ya kwance tsirkiya, ya zauna ya raba shi yadda ya raba garke. Biyu ga babba, biyu ga auta, ɗaya ga mace. Ya sake zagayowa. Har ƙasa.

"Bai cuci kowa ba," ta ce. "A gabanmu ya yi."

Ban san lokacin da dariya ta kama ni ba, ina yi hawaye na zuba. Wata guda ina tuhumar hankalina, ina tuhumar mamaci, ina tuhumar fura. Sai kuma dariyar ta tsaya, don na gane abin da ke gabana. Duk tambayar da ta yanke a fallen babban, amsarta na hannun auta. Auta kuwa yana ɗaure kaya.

Da yamma na tara su uku a gindin aduwar da ke kusa da rijiya. Na yi musu bayani da abin da suka sani. Na ce littafi ba garke ba ne, saniya ɗaya ce, kawunku ya ba wannan ƙafafu, ya ba wancan kai.

Babban ya sunkuyar da kai. Auta kuwa ya ce, "To mi kake so a yi, Baffa?"

"A haɗa shi."

"A haɗa shi a gidan wa?"

Babban ya ce, "Ni ne babba, kuma ni ke da ɗaki mai rufi."

"Na san nan za a zo," in ji auta. "Ni nawa na ɗinke shi a fata, yana rataye a sirdina. Tun da na rataye shi ko ɗan akuya ban rasa ba. Yanzu in shiga daji hannu wofi don kai kana da ɗaki?"

"Kai da ko baƙi ba ka iya rarrabewa."

"Kai da ka iya, ka yi wata nawa da shi ba ka san rabi ba ne?"

"Ko rabi bai kai ba," ɗiyar ta ce. "Kuma ku daina, Baffa na zaune."

Na roƙi auta ya ba ni nasa ko na ƴan kwanaki ne, in karanta littafin sau ɗaya a cike. Ya ce karatu ba laifi, amma ranar da ruwa ya sauka zai ɗinke abinsa ya tafi. Na san abin da hakan ke nufi. Wannan ya yi arewa, wancan ya yi kudu, wata shekara ɗayansu ya rasu a sake raba nasa ga ƴaƴansa biyu-biyu da ɗaya-ɗaya. Daminar da abokina ya zauna a Agadas ta tashi a banza ke nan.

Ɗiyar ce ta yi magana. Ta dubi auta ta ce, "Saniyar nan ja da ke gaban garkenka, ta wa ce uwarta?"

"Ta Kawu ce. Habbanaye ya ba ni."

Habbanaye al'adar makiyaya ce: mai shanu ya ara wa ɗan'uwansa saniya, ta zauna a hannunsa har ta haihu, maruƙan su zama nasa, sannan uwar ta koma gida.

"To Baffa ya ce saniya ce," ta ce. "Mu ba shi ita habbanaye. Ta haihu a hannunsa, kowa ya samu tasa da ƙafa huɗu." Ta juyo gare ni. "Ko littafi ba ya haihuwa, Baffa?"

Yana haihuwa, amma da takarda. Nan take damin nan nawa ya faɗo mini a rai, mai alamar wata uku, da hanyar Gat, da kalmomin fatake. Na san kaurin littafin yanzu, na san kaurin damina. Zai ɗauki kwafi biyu, da ƙyar. Ba zai bar mini falle ɗaya ba. Ina cikin wannan lissafi sai babban ya ce ko ban ji ba.

"Na ji," na ce. "Yana haihuwa."

Auta ya yi ta jan igiyar da ke hannunsa. Can ya ce, "Habbanaye ba a hana shi. Amma ka ba ni falle ɗaya da hannunka in rataya kafin ta haihu." Na ce zan ba shi.

Washegari muka shimfiɗa tabarmi a cikin ɗaki saboda iska. Auta ya farke ɗinkinsa da wuƙa, ɗiyar ta zaro nata daga ƙasan ƙwaryoyin jerenta. Allah ya taimake mu ba wanda ya taɓa hargitsa jerin nasa. Muka warware aikin Kawu yadda ya ƙulla shi: babban ya ajiye biyu, auta ya ajiye biyu, ita ta ajiye ɗaya. Ina bin su ina karantawa. Mai jaki ya sami hakkinsa, wanda ya ara zai biya, tun da ya wuce inda aka yi da shi. Kuskure baki kuwa na wanda ya sha nono ne bayan alwala. Wadda ake jira ta haihu matar mamaci ce mai ciki, ba a raba gado sai an ga abin da ta haifa. Da na fassara musu wannan, auta ya ce ashe littafin ma ya san rabon gado, da an tambaye shi. Kafin mu ɗaure tsirkiya aka fara yayyafi.

Ban je Maraɗi ba, ban je Katsina ba. Na zauna a rumfar nan da aka mayar mini ɗaki, damina biyu da abin da ke tsakaninsu, ina kwafa. A ƙasan kowane falle na rubuta kalmar farko ta mai bi masa, ina yi ina ce wa abokina ya gafarce ni, na saɓa masa. Idona bai koma yadda yake ba tun daga nan. Da na gama, babban ya ɗauki ɗaya, auta ya ɗauki ɗaya. Na asalin, mai hannun mahaifinsu, auta da kansa ya ce a bar wa yayarsa, wai tsohuwar saniya ba ta iya tafiyar arewa. Da zai tafi ya ce, "Baffa, kai ne na farko da na ga ya yi habbanaye bai samu maraƙi ba." Na ce nawa yana cikin kaina, can ba mai raba shi.

Littattafan da na shirya ban rubuta ko ɗaya ba. Lokacin da takarda ta yi arha, ido ya riga ya tafi, rijiyoyin hanyar Gat kuma wasu sun kafe, wasu na manta. Wani lokaci nakan ji zafin haka, ba zan ɓoye ba. Amma na koyi abin da yawon duniya bai koya mini ba: idan magana ta ruɗa ni, kafin in tuhumi mai ita ko in tuhumi kaina, ina fara tambaya ko duka aka ba ni. Kuma tun daga shekarar nan, a bakin rijiyar Dakoro, idan malami ya rasu ana raba shanunsa, ana raba hatsinsa, amma ba a sake kwance tsirkiyar littafi ba.